Wa Ke Riƙe da Makullin Lasisin Baro a Jibiya?

Duk wanda ya san Magamar Jibiya ya san baro da amalanke ne ke ɗauke da rabin hada-hadar bakin iyaka: buhunan hatsi da katan-katan na taliya, daga tasha zuwa rumfa, mai turawa yana ta "hanya, hanya!" Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙaramar hukuma na da ikon yanka wa baron nan lasisi. Haka keke, haka kwalekwale, har rediyon da ke kan teburin mai shayi. To wa ya ajiye wannan aiki na zamanin da har yau? In kuma jama'a sun gaji da shi, za su iya kaɗa ƙuri'a su rufe ofishin?

Wanda aka fara zargi shi ne ciyaman, tunda sunan ƙaramar hukuma ke bisa rasit. Amma ba a Jibiya aka ƙirƙiro abin ba. Dokar tarayya ta 1998, wadda ta raba wa kowane matakin gwamnati harajin da zai karɓa, ita ta jera wa ƙananan hukumomi kuɗin keke, baro, rediyo da talabijin, har da harajin shanu. Dokar ce kuma ta haramta tare hanya don karɓar haraji, abin da direbobi za su ji su yi murmushi.

Sawun bai tsaya nan ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci lasisin keke da baro da amalanke ƙarara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ya gaje shi ne daga kundin 1979, wanda ya zo bayan garambawul ɗin 1976 da ya kawo ƙarshen En'e. An canza sunan gida, an bar kayan ɗaki.

Saura batun ƙuri'ar raba gardama, kuma nan ne ƙullin yake. Sashe na 8 na kundin ya san da ita, amma don ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, inda ake neman kashi biyu bisa uku na mutanen yankin. Ƙofar shiga ce, babu ta fita. Ko ƙirƙirowar ma ba ta zo da sauƙi ba: a 2004 Obasanjo ya sa a riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihohin da suka yi sababbi, ciki har da Katsina da Legas, kuma Katsina na nan da 34 ɗinta. Goge layi ɗaya daga jadawalin kuwa sai an bi sashe na 9: kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ba a tambayar mai baro a ko'ina.

Wani zai ce a leƙa ƙetare, ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi a Nijar. Can a watan Afrilun 2024 shugaban mulkin sojan ƙasar, Janar Tiani, ya rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da sa hannu guda, aka naɗa kantomomi. Ya yi sauri, gaskiya ne, sai dai kansiloli aka kora, ba ofisoshi ba, kuma ba a nemi ra'ayin kowa ba.

Amsar tana gida. A 1979 Jibiya na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke Katsina. A 1979 ɗin talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamnan Kaduna, yana hawa ya soke haraji da jangali. Ƙuri'a ce ta yi aikin, amma ta zaɓen mutum. Sashe na 7 ma ya danƙa tsarin ƙananan hukumomi da kuɗinsu da ayyukansu ga dokar jiha. Kundi ya ba da ikon karɓa, amma nawa za a karɓa, da wane tebur zai zauna, Majalisar Dokokin Katsina da kansiloli ke yankewa.

Saboda haka, jama'ar Jibiya, ku daina jiran raba gardamar da doka ba ta tanada ba. Ran da ɗan majalisa da kansila suka zo neman ƙuri'a, ku sa su faɗa a bainar jama'a wane rasit za su soke, kuma a wane wata.