Fitsari Ba Ya Nuna Wanda Ke Cikin Maye

A tashar Magariya, inda motoci ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi zuwa Damagaram, Dungas ko iyakar Najeriya, direba ne ke riƙe da ran kowa. Idan ya busa tabar wiwi kafin ya kama sitiyari, hankalinsa kan yi nauyi, ya yi jinkirin taka birki, ya kasa auna tazarar motar da ke gabansa. Haka ma ɗan kabu-kabu.

A Nijar, hukumar OCRTIS ce ke farautar masu safarar miyagun ƙwayoyi. A tsallaken iyaka kuwa, NDLEA, wadda Buba Marwa ke jagoranta tun 2021, ta daɗe tana kiran a riƙa gwada direbobi da masu neman aiki.

To amma gwajin yana da tasa matsalar. Sinadarin THC, mai sa maye a tabar wiwi, yana maƙalewa a cikin kitsen jiki, ya riƙa fita sannu a hankali. Maye kan wartsake cikin sa'o'i, amma fitsarin mashayi na kullum zai iya nuna alama har bayan makonni. Wato gwajin fitsari yana nuna cewa mutum ya taɓa sha, ba cewa yanzu yake a buge ba. Hukunta direba da shi kaɗai akwai ayar tambaya.

Shi ya sa ƴan sandan Faransa ke gwada yawu a bakin hanya, domin ya fi nuna shan da aka yi kwanan nan. Jamus kuma a 2024 ta sa wa direbobi iyakar nanogiram 3.5 na THC a kowane mililita na ruwan jini.