Kallon Namun Daji a Yankari: Lokaci, Shiri da Abin da Za a Tarar

Yawancin masu zuwa kallon namun daji karon farko sukan iso da hoton talabijin a ka: fili fetal, zaki kwance a gindin bishiya, dubban dabbobi suna turereniya a bakin kogi. Wannan hoton na Serengeti ne a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya, inda ciyawa gajera ce, ido kuma yana cin nisa. Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kurmi ne mai itatuwa da dogayen ciyayi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Giwa guda za ta iya tsayawa taku talatin daga mota ba a gan ta ba, sai an ji ƙarar reshen da ta karya.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. A duk tsawon wannan lokaci babu keji, babu mai kai wa dabba abinci. Saboda haka babu jagoran da zai ɗauki alkawarin nuna maka zaki, in kuwa ya ɗauka, to kuɗinka yake so.

Abin da ke tara dabbobin wuri guda shi ne ruwa, don haka shiri na farko zaɓen wata ne. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, kowane kwari yana da tafkinsa, dabbobi su watsu cikin daji, ciyawa ta fi mutum tsayi, wasu hanyoyin ma mota ba ta biyuwa. Daji yakan yi kyau sharaf a lokacin, amma kore kawai za ka kalla. Idan rani ya shiga tafkuna suka ƙafe, sai kowa ya nufo kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun kuma ba ya ƙafewa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne ake cin kasuwar kallo. Maris da Afrilu sun fi kowane lokaci yawan dabbobi a bakin ruwa, sai dai zafinsu ba na wasa ba ne. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi ga mai tafiya da yara ko dattawa. Ranakun hutun Sallah da na ƙarshen shekara kuwa mutane sun fi namun yawa, ɗakunan kwana kan ƙare, hayaniya kuma tana korar abin da aka zo gani.

A cikin yinin ma akwai sa'o'i. Ana fita da sassafe da kuma bayan la'asar, domin da rana tsaka kowace dabba mai hankali tana inuwa. Fitar safe ita ce wadda baƙi suka fi yin sakaci da ita, alhali ita ce mai riba: iska ba ta motsa ƙura ba, sawun daren jiya yana nan raɗau a kan hanya. A nan ne za ka gane amfanin jagora. Zai tsayar da mota, ya sauka, ya tsuguna kan toroson giwa, ya fasa shi da ƙafa ko da sanda. Idan cikin yana da danshi da ɗumi, garken bai yi nisa ba. Ya duba inda sawun ya fuskanta, ya duba ɓawon bishiyar da aka saɓule, ya ce wa direba a bi ta gangaren kogi. Wani lokaci a dace, wani lokaci a yi awa biyu a dawo da labarin sawu kawai. Shi ya sa kwana biyu ya fi zuwan yini guda nesa ba kusa ba.

Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, an ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Tsohuwar mace ce ke jagorantar garke, kuma tun da giwa takan yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda, ba ta wasa da ɗanta. Kaɗa kunnuwa a hankali fifita ce kawai take yi saboda zafi. Amma idan ta buɗe su baki ɗaya, ta ɗaga kai, ta girgiza shi tana fuskantar mota, gargaɗi ne, direba ya san abin yi, naka shi ne ka zauna ka yi shiru. Ɓauna ma abin kiyayewa ce, musamman tsohon namijin da ya ware daga garke, wanda za ka gani carki na bin bayansa yana cire kaska. Dorina takan yini a ruwa ta fito kiwo da dare, kuma ba a shiga tsakaninta da kogi. Zakuna ƙalilan ne suka rage, ma'aikatan da suka shekara a dajin ma ba kullum suke ganinsu ba. Abin da kusan tabbas za a gani su ne gwambaza, mazo, gadu, jan biri, kada a bakin ruwa, in an yi sa'a gwanki da kanki. Tsuntsaye sun haura iri 350, daga zabin daji zuwa burtu mai tafiyar ƙasaita. 

Kayan tafiya ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ƙudan tsando yana son shuɗi da baƙi, cizonsa kuma yana ratsa yadi mara kauri, don haka a sa riga ruwan ƙasa ko kaki mai dogon hannu. Farar shadda da babbar riga a bar su a gida: ƙura za ta rina su, ƙaya ta kama su, dabba kuma ta hango su tun daga nesa. Turare mai ƙarfi ma haka. A tanadi rigar sanyi domin hunturun asuba a buɗaɗɗiyar mota, da hula, da takalmi rufaffe, da ruwan sha fiye da yadda ake zato, da maganin shafawa na sauro. Madubin hangen nesa ya fi kyamarar waya amfani, domin gwankin da ke can ƙetaren fadama ɗigo kawai zai fito a hoto. A riƙe tsabar kuɗi, a cika tanki tun daga Bauchi, a tambayi farashin shiga da na ɗaki da na motar zagaye kafin a taso, a kuma yi tafiyar da rana. Daga titin Bauchi zuwa Gombe ana karya kwana a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki.

A masaukin ne baƙo zai haɗu da dabbar da ta fi kowace ba shi aiki, wato gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su. Babban namiji zai zauna a kan dakali yana soshe-soshe kamar ba ruwansa, idonsa kuwa yana kan ledar da ke hannun yaro. Kafin a ankara ya fizge ta ya haye rufi. Sun iya murɗa hannun ƙofa, sun san motar da aka bar gilashinta a buɗe. A kulle ɗaki ko da ana ciki, kada a ba su abinci, in kuma sun ƙwace abu a bar musu, domin fiƙarsu ba ta da kyau. Gadu kuwa nasa kiwo ne, yana durƙushe kan gwiwoyin gaba yana tonon saiwa tsakanin ɗakuna.

Tsakar ranar da daji ya yi tsit ana cinye ta ne a maɓuɓɓugar Wikki. Ana sauka matakala zuwa wani kwari, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, dare da rana. Kusa da bakin dutsen yana da zurfi, ƙasa-ƙasa kuma yara na iya wasa idan babba na kusa. Wanda ya ƙara kwana zai iya neman a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari. Waɗannan wuraren da ƙafa ake ƙarasawa, tare da ma'aikacin gandun, kuma ana shirya zuwan tun daren jiya a ofishin masauki.