Laifi ɗaya, hukunci biyu

Jama'a, mun sha ji a zango ana cewa wane da wane laifinsu ɗaya, amma ɗaya yana kwana gida, ɗayan yana kurkukun Tamale. Ta ina bambancin ke shigowa?

A Amurka a cikin doka ya fito. Dokar 1986 ta ɗora ɗaurin shekara 5 kan giram 5 na hodar iblis mai dunƙule, wadda aka fi kama baƙar fata da ita, daidai da giram 500 na garinta. Sai 2010 aka rage ratar.

Mu nan Gana takarda ba ta da laifi. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, launin fata, addini ko talauci. Matsalar tana faruwa tun kafin alƙali ya buɗe baki. Kotu da Turanci take zama. A ce Bafulatani makiyayi ne, ba Turanci, Dagbani ma kame-kame, ba lauya. Aka karanta tuhuma, ya gyaɗa kai don ladabi, sai a ɗauka ya amsa laifi. Wanda ke da lauya kuwa za a roƙa masa sassauci, a ce karon farko ne, ga iyali. Alhali sashe na 19 ya ba wanda bai jin harshen kotu tafinta kyauta.

Sai beli. Tun 2016 Kotun Ƙoli ta ce babu laifin da ba a iya ba da belinsa, amma fa galibi sai da mai tsaya maka. Ɗan gari yana da dangi. Baƙo wa ya san shi? Haka wasu suka shekara da shekaru a tsare ba shari'a, har a 2007 aka fara shirin da alƙalai ke shiga kurkuku su saurare su.

Wannan ciwo tsoho ne. Da wata mace Bamakhzumiya ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, Annabi (SAW) ya ƙi, ya nuna cewa sakin babba da hukunta mai rauni ne ya halaka mutanen da.

In an kama wani namu, ko baƙon masallacinmu, doka ta ce a kai shi kotu cikin awa 48. Mu je da shi, mu nemi tafinta, mu kai maganar ofishin ba da lauya kyauta na gwamnati da ke nan Tamale.