Gidajen Attajiran Auduga a Natchez

Kowace shekara, daga watan Maris zuwa Afrilu, idan sanyi ya yi sauƙi a kudancin Amurka, itatuwa suka yi sabon toho, wani ɗan gari mai suna Natchez a jihar Misisipi yakan cika maƙil da baƙi. Garin yana bisa tudu a gaɓar kogin Misisipi, mutanensa kuma ba su kai 15,000 ba a ƙidayar 2020. Abin da ke kawo baƙin shi ne tsofaffin gidajen attajiran auduga, waɗanda aka gina kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A wannan lokaci ake buɗe su, har da waɗansu da iyalai ke zaune a ciki, mutum ya yanki tikiti ya bi ɗaki-ɗaki yana kallo. Mutanen garin suna kiran wannan biki da kalmar Turancin da ake kiran ziyarar ibada da ita. Sunan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin gidajen a zukatansu.

Talauci ne ya haifi bikin. Bayan yaƙi arzikin garin ya karye, daga baya ƙwaron auduga ya shigo ya cinye abin da ya rage, sannan ga matsin tattalin arzikin da ya rufe duniya daga 1929. Jikokin attajirai suka wayi gari da manyan gidaje masu yoyo, babu kuɗin gyara, babu kuɗin rushewa a gina na zamani. A 1931 ƙungiyar matan garin masu sha'awar lambu ta karɓi baƙuncin takwarorinta na jihar. Sai sanyin ƙarshen hunturu ya lalata furannin da aka shirya nuna wa baƙi. Shugabar ƙungiyar, Katherine Miller, ta lallashi matan da su buɗe gidajensu a madadin lambun. Baƙi suka yi ta santi. A 1932 aka mai da abin biki na kuɗi, kuma da kuɗin tikitin aka riƙa toshe yoyo ana sake fenti. Bayan 'yan shekaru matan suka sami saɓani, ƙungiyar ta dare gida biyu, har yau kuwa biyu ne.

Dalilin da ya sa gidajen suka tsira tun farko shi ne Natchez ba ta yi turjiya ba. Da yawa daga manyan attajiranta ba su so ɓallewar Kudu ba, domin hulɗarsu da bankunan Arewa ta yi ƙarfi. Garin ya miƙa wuya ba tare da faɗa ba, sojojin Arewa suka zauna cikinsa daga 1863, har suka mai da gidan Rosalie, wanda aka gina a 1823, hedkwatarsu.

To, bari mu shiga. A bakin ƙofa, bisa al'adar bikin, mace ce za ta tarbe ka cikin doguwar riga irin ta wancan zamani, mai siket buɗaɗɗe kamar an kife babban kwando. Ita za ta yi maka jagora. A Stanton Hall, gidan da ya cinye fegin unguwa guda shi kaɗai a tsakiyar gari, za a nuna maka ginshiƙai farare, da dogayen madubai daga Faransa, da fitilun iskar gas daga Filadelfiya. Mai gidan, Frederick Stanton, dillalin auduga ne haifaffen ƙasar Ailan. An gama ginin a wajajen 1858, shi kuwa ya rasu a 1859. Watanni kawai ya kwana a ciki. A Dunleith ginshiƙai 26 ne suka kewaye gidan ta kowane ɓangare.

Wanda ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne Longwood. Gida ne mai kusurwa takwas, da ƙubba a samansa mai siffar albasa, wadda daga nesa za ka ɗauka ta masallaci ce. Haller Nutt, mai gandayen auduga da ɗaruruwan bayi, ya ɗauko mai zanen gini Samuel Sloan daga Filadelfiya, da maginan Arewa, aka tsara ɗakuna 32. Ana cikin aiki yaƙi ya ɓarke a 1861, maginan suka ajiye kayan aikinsu suka koma gida. Ɗakuna 9 na can ƙasa kawai aka iya kammalawa, a cikinsu Nutt ya rasu a 1864, a cikinsu kuma zuriyarsa ta ci gaba da zama kusan shekara ɗari. Idan ka hau bene na gaba sai ka ga jan bulo tsirara da katakon da ba a rufe ba har can cikin ƙubba, ga tsofaffin gwangwanaye da kayan kafintoci da aka bari. A ganinmu wannan ne ɗakin da ya fi kowane faɗin gaskiya a garin, domin babu fenti ko labulen da ya rufe aikin hannu. Bulon nan a filin gidan aka buga shi aka gasa, kuma bayi ne suka yi aikin.

A nan maganar take. Mu malaman makaranta mun san cewa darasin tarihi yakan lalace ta wurin abin da aka tsallake, ko da duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Shekaru da dama, a ziyarar Natchez, ana faɗa wa baƙo inda aka sayo kowane faranti da kowace kujera, da sunan amaryar da aka ɗaura wa aure a falo, amma ba a furta kalmar "bawa". Sai a ce "masu hidima". Ɗakunan da ke bayan gida a kira su ƙananan gine-gine. A ɗakin cin abinci na gidan Melrose akwai wani babban mafici na katako rataye a saman tebur, da igiya da ta bi ta gefen ɗaki. Yana da kyau ƙwarai. Aikinsa korar ƙuda da kawo iska ga masu cin abinci, kuma ba ya motsi sai an ja igiyar. Yaro bawa ne yakan tsaya yana ja har a tashi daga tebur. Wanda aka nuna wa maficin ba a gaya masa wannan ba, rabin abu ya gani.

Sannan yawancin gidajen nan ba a cikin gona suke ba. Gidajen zama ne da na shaƙatawa, a cikin gari da kewayensa. Gandayen suna nesa, da yawansu a tsallaken kogi cikin jihar Luwiziyana, inda ƙasa ke da laka mai albarka, da sauro, da zazzaɓi. Kalmominmu na gandu da rinji sun fi kusa da abin: maigida yana birni, bayi suna can ƙarƙashin wakili da bulala. Tun da aka ƙera injin gurzar auduga a 1793, masaƙun Ingila suka buɗe baki, duk abin da aka noma sun saye. A ƙidayar 1860 bayi a jihar Misisipi sun haura 436,000, watau sun fi 'ya'ya yawa. A Amurka baki ɗaya sun kusa miliyan 4.

Daga ina aka samo su, alhali an hana shigo da bayi daga Afirka tun 1808? Daga cikin gida. Jihohin gabas irin su Bajiniya suka koma sayar da mutane ga ƙasar auduga. Fataken bayi, mafi girmansu kamfanin Isaac Franklin da John Armfield, sukan ɗaure maza bibbiyu a sarƙa ɗaya, a kora su a ƙafa tafiyar makonni, waɗansu kuma a loda su a jirgin ruwa zuwa New Orleans a hauro da su ta kogi. A 1833 hukumar Natchez, don tsoron annobar kwalara, ta hana fataken ajiye bayi a cikin gari. Sai suka koma wata mararraba a bayan iyakar garin, wadda ake kira Forks of the Road. Ta zama kasuwar bayi ta biyu a girma a wannan yanki, bayan ta New Orleans, kuma ta ci har 1863. A shekarar nan sojoji baƙaƙen fata na rundunar Arewa suka rushe rumfunan da hannunsu.

Daga Stanton Hall zuwa wannan mararraba tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Babu ginshiƙi, babu mai tarbar baƙo da doguwar riga. Ɗan fili ne tsakanin tituna, da allunan bayani, da sarƙoƙi da mari da aka dasa cikin siminti a ƙasa. Wani ɗan garin, Ser Seshsh Ab Heter-Boxley, ya shafe shekaru yana fafutukar kada a manta da wurin, kuma a 2021 hukumar gari ta miƙa filin ga hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya.

Adalci ne mu faɗa cewa abubuwa sun motsa. Melrose yana hannun gwamnatin tarayya, cikin gandun tarihin da aka kafa a 1988, kuma ana shiga ɗakunan bayinsa ana ba da labarinsu. Haka gidan William Johnson, wanzami baƙar fata ɗa, wanda ya rubuta littafin abubuwan da suka faru da shi kullum daga 1835 har aka kashe shi a 1851. Shi ma, abin mamaki, yana da bayi. Tarihi ba ya zuwa a miƙe kamar layin alli. Wasan dare da aka riƙa yi lokacin bikin, wanda a da samari ke fitowa cikin kakin sojojin Kudu da tutarsu, a naɗa sarki da sarauniya, an sake masa suna, kuma a 2015 marubucin garin Greg Iles ya sake tsara shi ya shigar da bauta a ciki. Mawaƙan wani coci na baƙaƙen fata su ma sun shirya nasu wasan game da hanyar 'yanci. Wata mata baƙar fata da mijinta sun sayi tsohon ginin bayi na gidan Concord, wanda uwar gidan ta ƙone a 1901, suna karɓar baƙi a ciki. Amma gida-gida ne: wani jagora zai faɗa maka komai, wani kuwa sai ka tambaya, wani ma ko ka tambaya sai ya mai da kai ga maganar faranti. Fiye da rabin mutanen Natchez baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu sun daɗe suna kallon bikin a matsayin na waɗansu. Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka, in Allah ya kai ɗayanku can, shawararmu ita ce ya shiga gidajen, sun cancanci kallo, amma ya roƙi a kai shi bayan gida. A Dunleith ya tambayi John Roy Lynch, wanda ya yi bauta a gidan yana yaro, daga baya ya zama kakakin majalisar jihar, kuma aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya a 1872.

Akwai kuma mutum guda da labarinsa ya shafe mu kai tsaye, ko da yake babu gida mai ginshiƙi da ke ɗauke da sunansa. Shi ne Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani daga Timbo a Futa Jalo, cikin ƙasar Gini ta yau. Mahaifinsa Almami ne, shi kuwa ya yi karatu har Timbuktu, ya zama jagoran mayaƙa. A 1788 aka yi masa kwanton ɓauna aka kama shi, aka sayar da shi ga Turawa, ya ƙare a hannun wani manomi mai suna Thomas Foster kusa da Natchez. Da ya yi ƙoƙarin bayyana ko shi wane ne, sai aka laƙaba masa "Yarima" don ba'a. Shekara 40 ya yi a gonar. Ya auri wata baiwa mai suna Isabella, suka haifi 'ya'ya tara, dukkansu bayin Foster.

A 1807, yana sayar da kayan gona a kasuwa, sai wani likita Bature mai suna John Cox ya gane shi. Shekaru da yawa kafin nan Cox ya yi rashin lafiya a Afirka ta Yamma, mahaifin Abdurrahman ya saukar da shi a Timbo ya yi jinyarsa. Cox ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya fanshe shi, Foster ya ƙi sayarwa, har likitan ya mutu. Abin da ya buɗe ƙofa a ƙarshe shi ne karatun allo. A 1826 Abdurrahman ya rubuta takarda da Larabci, wani mai jarida a garin, Andrew Marschalk, ya tura ta Washinton. Ganin Larabci sai aka ɗauka mutumin Maroko ne, aka aika takardar can, Sarkin Maroko ya nemi a sake shi. Gwamnatin Shugaba John Quincy Adams, da sakataren harkokin wajenta Henry Clay, suka sa baki. A 1828 Foster ya yarda, bisa sharaɗin sai ya bar ƙasar. Mutanen Natchez suka haɗa dala 200 suka fanshi Isabella.

Dattijon bai tafi nan take ba. Ya zaga biranen Arewa yana jawabi, yana rubuta Larabci a gaban jama'a, yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, amma abin da ya tara bai kai farashin da aka sa musu ba. A farkon 1829 shi da Isabella suka shiga jirgi zuwa Laberiya. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Monrobiya a watan Yuli na shekarar, yana da shekara 67, bai kai Timbo ba. Allah ya jiƙansa. Kuɗin da ya tara sun fanshi 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, suka iske Isabella a Laberiya a 1830. Sauran suka ci gaba da zama bayi a Misisipi.