Ko Kun Sani?

Lambar da Speedtest na kamfanin Ookla ko Fast.com na Netflix ke nunawa ba lallai ta zama ainihin saurin intanet ɗin gida ba. Manhajojin riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta, irin su Avast da Kaspersky, kan tsaya tsakanin burauza da intanet suna bincikar duk bayanan da ke shigowa, har waɗanda aka kulle. A tsohuwar kwamfuta mai rauni, wannan bincike na cin ƙarfin na'ura, sai sakamakon ya faɗi, mai gida kuma ya ɗora wa kamfanin sadarwa laifi.

Kafin a kai ƙara, a maimaita gwajin da wayar hannu a kan Wi-Fi ɗin, sannan a kwatanta.