Gadon da Ke Ƙaura, da Sawun da Yake Bari a Sankara

Manomin Gidan Goga ko na fadamar Bakolori bai rasa cin karo da goyon masara mai dabbare-dabbare, wani lokaci ƙwaya ɗaya tak ka gan ta da ɗigon ja a kan fari. Irin wannan ɗigo Barbara McClintock ta duƙufa a kai a Amurka, har ta gano cewa wasu guntayen gadon halitta ba su da mazauni, tashi suke su sauka a wani gurbi. An daɗe ana yi mata kunnen uwar shegu kafin a ba ta kyautar Nobel a 1983.

Mu ma muna ɗauke da su, kusan rabin DNA ɗinmu daga gare su yake. Babban cikinsu LINE-1 ya cinye kashi 17 cikin ɗari, kwafi wajen 500,000, amma kimanin 100 ne ke da sauran kuzari. Lafiyayyar ƙwayar jiki danne su take yi. Da sankara ta kama ta sai linzami ya kwance, LINE-1 ya shiga ƙera furotin biyu, ORF1p da ORF2p, da su yake kwafar kansa yana cusawa inda ya ga dama. A 1992 masana a Japan suka iske shi ya faɗa tsakiyar APC, gadon da ke tsare hanji daga ƙari.

Ɓarnar nan ita ta ba likitoci sawun bi. ORF2p ƙalilan ne, da wuya a gan shi, ORF1p kuwa a wadace yake. Ana yanko ɗan naman ƙari a shimfiɗa a gilashi, a zuba sinadarin da ORF1p kaɗai yake kamawa, duk inda yake sai wurin ya rine a ƙarƙashin madubin likita. A 2014 Kathleen Burns da abokan aikinta a Johns Hopkins suka same shi a kusan rabin sankarar da suka duba. A 2023 a Boston aka iya gano ɓurɓushinsa cikin jini, musamman a sankarar ƙwan mace, maƙoshi da hanji.

Nan hankalina ya fi karkata, domin mutanenmu sukan isa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato bayan ciwo ya ci jiki, an sha saƙe-saƙi, an sayar da awaki. Ɗiban jini a Talata Mafara ya fi wannan tafiya sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai gwajin bai fito daga ɗakin bincike ba tukuna, kuma shi kaɗai ba ya faɗin gaɓar da ƙarin yake. Har yanzu sai an yanki nama an duba ake tabbatar da sankara.