Sabuntawar da ba ka nema ba: Daga wayar manomi a Ɗambatta zuwa rumbunan intanet

A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, waya ta zama kayan aiki kamar fartanya. Da ita manomi ke jin farashin gero, da ita ɗansa da ke Legas ke turo masa kuɗin taki.

Sai dai kuka ɗaya ake yi a majalisu: ka sayi data da yamma, gari ya waye babu ita.

Hukumar sadarwa ta NCC, wadda Farfesa Umar Garba Ɗambatta ya jagoranta daga 2015 zuwa 2023, ta sha bayyana cewa daga cikin masu shanye data akwai manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye. Abin ya ƙara ciwo tun Janairun 2025, lokacin da hukumar ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Ciwon bai tsaya a waya ba

Idan mai POS a kasuwar Ɗambatta ya danna tura kuɗi, ba a cikin na'urarsa aikin ke ƙarewa ba. Saƙon yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin da ke rumbunan intanet, inda kamfanoni da yawa ke zuba manhajojinsu a cikin abin da ake kira kwantena.

Fasahar ta yaɗu ne bayan fitowar Docker a 2013. Kamar kwantenar tashar jiragen ruwa ta Apapa, ana haɗa manhaja da duk abin da take buƙata, a gwada, a rufe.

Amfanin kwantena shi ne abin da aka gwada jiya shi ne ke aiki yau. Idan aka bar wani ɓangare yana sauko da sabon sigarsa da kansa, wannan tabbacin ya rushe. Manhajar na iya tsayawa ana tsakar ciniki, injiniyoyi su yi ta lalube domin su a saninsu ba su taɓa komai ba.

Duniya ta ga irin wannan ɓarna ranar 19 ga Yulin 2024. Ba a kwantena ta faru ba, amma tushen ɗaya ne: sabuntawar da kamfanin CrowdStrike ya tura kai tsaye ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama da bankuna da asibitoci duk sun ji a jikinsu.

Mece ce mafita?

Daina sabuntawa kwata-kwata ba dabara ba ce, domin da ita ake toshe ƙofofin da 'yan damfara ke bi. Abin nema shi ne kai ne za ka zaɓi lokacin.

Ƙwararrun injiniyoyi kan kashe sabuntawar kai-tsaye a cikin kwantena, su gina sabuwa, su gwada ta a gefe, sannan su sauke tsohuwar.

Kai ma mai waya kana da irin wannan dama. Shiga saitin Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu, ka kunna tsarin tsimin data, sannan ka riƙa sabunta manhajar bankinka da WhatsApp da hannunka lokacin garabasar dare.

Ka kuma kula da wanda kake kunna wa hotspot. Wasu na'urorin kan ɗauke shi a matsayin Wi-Fi na kyauta, su shiga sabunta kansu da datar da ka saya da kuɗin gyaɗarka.